Allurar Boila Ta Sauka: Ina Ruwan Ya Tafi?

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

Shirinmu na yau na 'yan'uwa ne mazauna Birtaniya, ɗalibai da ma'aikatan jinya da likitoci da masu iyali, daga Landan zuwa Mancesta, daga Birmingham zuwa Glasgow, har da waɗanda ke haɗa kaya za su taho. Wanda ya tashi inda zafi ake gudu, ya sauka ƙasar nan, abu na farko da zai yi masa baƙunta a gida shi ne farin akwatin nan da ke maƙale a bangon kicin ko cikin kabad, wato boila. Ranar da ta tsaya a tsakiyar Janairu, babu ruwan wanka, babu ɗumin ɗaki, yara na kuka, a ranar ce ake sanin darajarta. Kuma cikin dalilan da ke tsayar da ita, ɗaya daga waɗanda aka fi cin karo da su shi ne saukar matsin ruwa.

Irin boilar da ta fi yawa a gidajen nan ita ce kombi, mai aiki biyu a jiki ɗaya: ta ɗumama ɗakuna, ta kuma ba da ruwan zafi a famfo nan take, ba tare da tanki ba. To a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ruwa iri biyu ne ke ratsa ta, kuma ba sa haɗuwa. Akwai ruwan famfo da ke shigowa daga titi, ya ɗauki zafi, ya fita ta shawa ko wurin wanke-wanke. Akwai kuma wani ruwan daban da aka ɗura tun ranar da aka kafa boilar, aka rufe a kansa. Shi wannan zagaye kawai yake yi, daga boila zuwa radiyetocin ɗakuna, ya dawo, ya sake komawa. Ba a shan sa, ba a wanka da shi, ba shi da ƙofar da zai fita a matsayin tururi. Gejin da ke gaban boila wannan rufaffen ruwan yake aunawa. Saboda haka a daina yi wa yara faɗa cewa daɗewarsu a banɗaki ce ta saukar da allurar gejin. Ko wuni suka yi a shawa, kuɗin gas ne zai hau, allurar ba ruwanta.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa bar. Bar ɗaya daidai yake da nauyin ruwan da ya kai tsayin kimanin mita 10. Idan boila ta huce, allura ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5, yawanci wurin da aka shafa wa kore. Idan aka kunna ɗumama ta yi zafi, za ta ɗan hau, ta doshi 2, wannan lafiya ce. Idan ta faɗo wajen 0.5, boila da yawa sukan kashe kansu don kada su ƙone babu ruwa, su nuna lamba a allo. Mai Vaillant zai ga F22, mai Baxi zai ga E119, mai Ideal Logic kuma F1. Duk magana ɗaya suke yi: ruwa ya yi kaɗan. Can sama kuwa, a bar 3, akwai bawul ɗin kariya da ke buɗewa da kansa ya zubar da ruwa waje don kada wani abu ya fashe. Ku riƙe wannan lamba ta 3, za mu dawo kanta.

Ƙara ruwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara ba abin damuwa ba ne. Amma idan ya zama kowane mako sai an ƙara, ruwa ba ya tsami banza. Wani wuri yake bi. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantar ruwan da ake magana a kai. Lita ɗaya da rabi ta isa ta sauko da allura daga 1.5 zuwa 1 a gida madaidaici. Ku yi lissafi tare da ni: ɗigo ɗaya a kowane minti, a mako guda ya kai kusan rabin lita. Mako uku ke nan allura ta sauka, alhali ba ka taɓa ganin ruwa kwance a ƙasa ba, domin ɗigon yana sauka ne a kan bututu mai zafi ya bushe kafin wani ya biyo shi.

To kafin a kira kowa, kafin a taɓa sifana, aikin farko na ido ne da wayar hannu. Ka ɗauki hoton gejin da sassafe kafin ɗumama ta kunnu. Ka sake ɗauka bayan ta yi awa guda tana aiki. Ka maimaita kwana uku ko huɗu. Ba inda allura ta tsaya kaɗai ake dubawa ba, yadda take tafiya ake dubawa, domin kowace cuta da irin tafiyarta.

Mu fara da wadda ta fi yaudarar mutane. Ka ƙara ruwa da safe, allura na kan 1.2. Ka kunna ɗumama, cikin minti 20 ko 30 ta haura 2, ta wuce 2.5, ta taɓa 3. Gari ya waye ka tarar da ita a ƙasa, kusa da sifiri. Mai wannan matsala sai ya bi gida da tocila yana neman yoyo, ya ɗaga kafet, ya leƙa bayan kujeru, ba zai ga komai ba, domin ruwan ba a cikin gida ya zube ba.

Ga abin da ke faruwa. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi. Daga sanyin digiri 10 zuwa zafin digiri 80, yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100. Idan bututan gidanka da radiyetoci na ɗauke da lita 100, an sami ƙarin lita 3 ke nan da ke neman wurin zama, ga shi ruwa ba ya matsuwa. Shi ya sa aka sa wani tankin ƙarfe faffaɗa a cikin boilar, galibi a bayanta, mai cin lita 7 zuwa 10. An raba cikinsa biyu da faifan roba: gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska da aka bunƙa zuwa wajen bar 1. Ruwa ya kumbura, sai ya tura robar, iskar ta matsu ta ba shi wuri. Ya huce, iskar ta turo shi ya koma. Da shekaru suka tafi, iskar takan sulale, ko robar ta yage. Daga nan ruwan da ya kumbura ba shi da masauki, matsi ya yi sama da gudu, ya kai 3, bawul ɗin kariya ya buɗe ya watsar da shi waje. Da boila ta huce sai a ga giɓin.

Tabbatar da wannan ba wuya. Ka fita waje, ka dubi bangon da boilar ke jingine da shi. Za ka ga wani gajeren bututun jan ƙarfe ya leƙo, an lanƙwasa bakinsa yana kallon bango ko ƙasa. Wannan shi ne mafitar bawul ɗin kariya, kuma a ƙa'ida busasshe ne ƙayau, shekara da shekaru. Ka ɗaura masa leda ko ka rataya wata 'yar gora a bakinsa, sako-sako, kada ka toshe shi ko kusa. Ka dawo washegari. Idan ka sami ruwa a ciki, ka kama ɓarawonka. Wani lokaci ma ba sai an ɗaura komai ba, tabon fari ko kore a jikin bulo ƙarƙashin bututun ya ishe ka shaida. A yi hattara da hannu idan boila na aiki, ruwan da ke fitowa nan yana iya ƙona fata.

Gyaran na injiniya ne. Zai sauke matsin boilar, ya gwada bawul ɗin tankin, wanda irin na tayar mota ne sak. Idan iska ce ta ƙare, ya bunƙa ta da famfo. Idan ya danna ruwa ya fito maimakon iska, robar ta yage, sai sabon tanki. Inda cire tsohon zai sa a sauke boilar daga bango, sau da yawa akan bar shi a wurinsa a ɗaura wani jan tanki a waje, a kan bututun dawowa. Ina so ku lura da wani abu guda. Bawul ɗin kariya idan ya saba buɗewa, tsakuwar datti takan maƙale a bakinsa, ya ƙi rufuwa ruf, ya ci gaba da ɗiga ko da an gyara tankin. To akwai masu gyaran da za su ga yana ɗiga, su canja shi kaɗai, su karɓi kuɗinsu su tafi. A ganina wannan rabin aiki ne. Bawul ɗin ba shi ya fara laifi ba, aikinsa ya yi. Ka tambayi mai gyara kai tsaye: Malam, ka auna iskar tankin? Nawa ka samu? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba.

[GAJEREN KIƊA]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan boilar kombi da dalilan saukar matsin ruwanta.

Tafiya ta biyu ita ce ta sannu a hankali. Allura ba ta tsalle idan an kunna, tana hawa kaɗan yadda ya kamata, ledar da ka ɗaura a waje a bushe take, amma kowace safiya sai ka ga ta ɗan ja baya. Wannan yoyo ne na gaske, kuma yana buƙatar haƙuri.

Kafin ka ɗora wa yoyo laifi, ka tambayi mutanen gida ko wani ya buɗe radiyeta ya fitar da iska kwanan nan. Fitar da iska yana saukar da allura, a ƙara ruwa sau ɗaya magana ta ƙare.

Idan ba haka ba ne, a yi farautar lokacin da komai ya huce, domin ƙarfe idan ya yi zafi yakan kumbura ya toshe ƙaramar kafa, abin da ya fito kuma ya bushe. Ka cika zuwa 1.5, ka bar ɗumama a kashe, ka ɗauki busasshen tishu ka bi radiyetoci ɗaya bayan ɗaya. Kowace tana da bawul biyu a ƙasa, dama da hagu. Ka goga tishun a ƙarƙashin noti, da wurin da bututu ya shiga bawul, da gindin abin murɗawa. Ka duba 'yar kafar fitar da iska da ke sama. Yatsa yana iya ruɗuwa da sanyin ƙarfe ya ɗauka laima ce, tishu kuwa ba ya ƙarya. Inda kake zargi, ka naɗe shi da tishu ka bar shi ya kwana. Ka kula da tsatsa a gindin radiyeta, da kore-kore a jikin jan ƙarfe, da farin ɓawo a kan noti, da fentin da ya kumbura, da katakon ƙasa da ya ɗago, da tabo mai ruwan ƙasa a silin ɗin ɗakin da ke ƙarƙashi. Kada a manta da radiyetar rataye tawul ta banɗaki. Ita ce ta fi ɓoye laifinta, tunda kowa ya ga laima a wurin sai ya ce ai ruwan wanka ne.

Sannan ka leƙa ƙarƙashin boilar kanta, inda bututai suka jeru. Idan ruwa na ɗigowa daga cikin akwatin, kashe ta, sa roba ta tare, kira mai gyara. Akwai lantarki a ciki.

Idan an gama duk wannan ba a ga komai ba, saura tambaya ɗaya: a cikin boila ruwan ke ɓacewa ko a bututan da ke binne? Akwai gwajin da ke raba gardama. A cika zuwa 1.5, a kashe boila, a rufe bawul biyu da ke ƙarƙashinta, na bututun fita da na dawowa, a bar ta ta kwana. Da safe idan allura ta sauka alhali boila a keɓe take, ciwon na cikinta ne. Idan tana nan inda aka bar ta, amma da aka buɗe bawul ɗin sai ta faɗi nan take, to ruwan ya zube ne a wani wuri cikin gida. Gwaji ne mai kyau, sai dai ni ba na ba da shawarar mai gida ya yi shi da kansa a tsohuwar boila. Waɗannan bawul ɗin sukan shekara goma ba a taɓa su ba, ranar da aka murɗa su sai su ma su fara ɗiga, a je neman yoyo ɗaya a dawo da biyu. Kuma duk wanda ya yi, kada ya kuskura ya kunna boila suna rufe.

A cikin boila, mafi munin labari shi ne tsagewar babban ƙarfen da wuta ke dafa ruwa a cikinsa. Shi ma yana da alamarsa. Tun watan Afrilun 2005 doka ta wajabta a Ingila da Wales cewa sabbin boilolin gas su zama masu tatsar zafi daga hayaƙinsu, kuma irin waɗannan suna fitar da wani ruwa mai ɗan tsami ta farin bututun roba zuwa magudana. Ɗigar wannan bututu lokacin da boila ke aiki daidai ne, ba shi da alaƙa da allura. Shi ne dai wanda ya daskare a gidaje masu yawa a sanyin ƙarshen Fabrairun 2018. Amma idan boila a kashe take tun jiya, farin bututun bai daina ɗiga ba, allura kuma na sauka, to ruwan ɗumama ne ke bi ta tsagar yana fita ta nan. Gyaran yana da tsada, kuma idan boilar ta tsufa akan zauna a yi lissafi ko sabuwa ta fi.

Idan kuwa yoyon a ƙarƙashin daɓe yake, musamman inda aka binne jan ƙarfe cikin kankare babu riga, siminti kan ci shi a hankali. Ba sai an farfasa gida duka ba. Akwai masu sana'ar gano yoyo da kyamarar da ke ganin zafi, da na'urar saurare, ko su zare ruwan su ɗura iskar da ta haɗa haidirojin kashi 5 da naitirojin kashi 95, su bi da na'ura mai shinshina inda take fitowa. Mai gidan kansa ya duba takardar inshorarsa, da yawa suna biyan kuɗin nema da fasawa. Akwai kuma maganin toshe yoyo da ake zubawa cikin ruwan. Yakan yi aiki a kan 'yar ƙaramar kafa da hannu ba ya kaiwa, amma ni ina kallonsa a matsayin sayen lokaci, kuma a tambayi kamfanin boilar tukuna idan garanti bai ƙare ba.

Akwai kuma allurar da ke hawa ita kaɗai ko boila na kashe. Yawanci tiyon ƙara ruwa ne aka bari bai rufu sosai ba. Idan a rufe yake, to ƙaramin ƙarfen da ke raba ruwan famfo da ruwan ɗumama ne ya huje, na titi yana kutsawa.

Tunda mun ambaci tiyon, ga yadda ake ƙara ruwa. A kashe boila ta huce. A ƙarƙashinta akwai tiyo mai saƙar azurfa da makunni ɗaya ko biyu, wasu boilolin Worcester Bosch kuma mabuɗi ake zurawa. A buɗe a hankali, za a ji ruwa na shiga, ido na kan geji. Ta kai 1.2 ko 1.3, a rufe duka biyun ruf. Idan an zarce, a rage ta kafar iskar radiyeta, da tsumma a hannu. Kada a murɗa bawul ɗin kariya don rage ruwa, kun ji abin da ke biyo bayan buɗe shi.

Wani zai ce, to tunda minti biyu ne, me zai hana in riƙa ƙarawa kowace Asabar in huta? Abin da zai hana shi ne sabon ruwa yana shigowa da iskar oksijin, ita kuwa abincin tsatsa ce. Tsohon ruwan da ke zagaye an zuba masa maganin hana tsatsa, irin su Fernox ko Sentinel, duk ƙarin da ka yi tsarma shi kake yi. A Landan da kudu maso gabashin Ingila, inda ruwa ke da alli sosai, kana ƙara wa boilar ɓawo a ciki. A hankali radiyetoci su fara ruɓewa daga ciki, baƙin laka ya taru, ƙasansu ya yi sanyi samansu na zafi, injin tura ruwa ya fara ƙara. Radiyetar da kullum sai an fitar mata da iska, sau da yawa ba iska ba ce, gas ɗin haidirojin ne da tsatsar ke haifarwa. Yoyon da wosha ɗaya za ta tsayar ya koma wankin bututan gida gaba ɗaya.

[GAJEREN KIƊA]

Saura iyaka. Duba geji, ƙara ruwa, goga tishu, ɗaura leda, duk naka ne. Murfin boila kuwa ba naka ba ne. A boiloli da yawa na zamani murfin nan shi ne ke tsare hayaƙi kada ya shigo ɗaki. Dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998 ta ce mai sana'ar taɓa kayan gas sai mai rajista, kuma tun 1 ga Afrilun 2009 rajistar ita ce Gas Safe, wadda ta gaji CORGI. Kowane injiniya yana da kati mai hotonsa da lambarsa, a bayan katin an jera irin ayyukan da aka yarje masa. Ka nemi gani. Na san halinmu da kunya, ɗan'uwa ya ce yana da wani aboki mai hannu da zai duba a rabin kuɗi, ka ji nauyin cewa a'a. A wannan wurin a ajiye kunya. Hayaƙin kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, alamarsa ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ke sauƙi idan an fita waje. Wanda ya ji warin gas ko ƙararrawar hayaƙi ta yi kuka, ya buɗe tagogi, ya fitar da iyali, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya kira 0800 111 999 idan yana Ingila, Sikotland ko Wales.

'Yan haya kuma, waɗanda su ne yawancinmu, gyaran boila ba daga aljihunku yake ba. A Ingila sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida kula da kayan ɗumama da na ruwan zafi. Wajibi ne ya sa a duba gas kowace shekara, ya ba ku kwafin takardar cikin kwana 28. A Ingila, tun Oktoban 2022, sai ya sa ƙararrawar hayaƙi a ɗakin da boila take. Idan ya ce ku riƙa ƙara ruwa kawai, ku rubuta masa, ba a baki ba, ku haɗa da hotunan gejin da kwanan watansu.

Ranar da za ku kira injiniya, kada ku tsaya a cewa boila ta lalace. Ku faɗi sunanta da lambar da ta nuna. Ku ce da sanyi tana kan kaza, da zafi tana kai kaza, kwana kaza take ɗauka kafin ta faɗi, bututun waje ya jiƙe ko bai jiƙe ba, farin bututu yana ɗiga tana kashe ko ba ya yi. Da wannan bayanin zai san ko famfon iska zai ɗauko, ko sabon bawul, ko kuwa aikin na masu kyamara ne.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.

[KIƊAN RUFE SHIRI]